Yadda rigimar bauta ta kai Amurka ga yaƙin basasa: tambayoyi da amsoshi

Tsakanin 1861 da 1865 Amurkawa sun yaƙi junansu, mutum fiye da 600,000 suka mutu. Har yau akwai masu cewa ba bauta ce ta jawo yaƙin ba. Abubuwan da suka faru kafin a ɗauki bindiga sun nuna akasin haka.

Tun yaushe bauta ta zama abin jayayya a Amurka?

Tun daga rubuta kundin tsarin mulki a 1787. Wakilan kudu sun dage a saka bayinsu cikin ƙidayar da ake rabon kujerun majalisa da ita, alhali bayin ba sa jefa ƙuri'a. Aka sasanta cewa bayi biyar za a lissafa su a matsayin mutum uku, aka kuma yarda ba za a hana shigo da bayi daga ƙetare ba sai 1808. Jihohin arewa suka riƙa soke bauta sannu a hankali, mutane da yawa na zaton a kudu ma za ta mutu da kanta. Injin gurzar auduga da Eli Whitney ya ƙera a 1793 ya ɓata wannan lissafi. Noman auduga ya bazu, masaƙun Ingila na saye, har ta kai fiye da rabin kayan da Amurka ke fitarwa waje. A ƙidayar 1860 bayi sun kusa miliyan 4 cikin al'umma miliyan 31.

Me ya sa rigimar ta fi zafi a kan sababbin yankunan yamma?

Saboda kowace jiha tana da sanata biyu, babba ce ko ƙarama. Duk sabuwar jihar da ta shigo, ko dai ta ƙara wa masu bayi ƙarfi ko ta rage musu. A 1820 aka yarda a karɓi Missouri da bauta, aka karɓi Maine ba bauta, aka ja layi cewa arewa da shi babu bauta a sauran ƙasar da aka sayo daga Faransa. Wannan ya riƙe shekaru. Da Amurka ta ci Meziko da yaƙi a 1848 ta samu ƙasa mai faɗin gaske, tsohuwar gardama ta dawo sabuwa. Sulhun 1850 ya shigo da Kalifoniya ba bauta, amma an biya kudu da wata doka da ta ƙara dagula lamarin.

Wace doka ce wannan?

Dokar kamo bayin da suka gudu. A ganina ita ce ta kai bauta ƙofar gidan ɗan arewa wanda a da yake ganin ba ruwansa. Wanda aka kama ba shi da damar ba da shaida don kare kansa, ba a kuma kai maganarsa gaban masu taimaka wa alƙali. Jami'in da ke sauraron ƙarar yana karɓar dala 10 in ya miƙa mutumin ga mai da'awa, dala 5 in ya sallame shi. Wanda ya ɓoye bawa ko ya taimaka masa yana fuskantar tara da ɗauri, kuma ana iya kiran kowa ya taya kamu.

A 1854 aka kama Anthony Burns a Boston, saurayin da ya gudo daga Virginia yana aiki a shagon tufafi. Mutanen gari suka yi yunƙurin fasa kotu su ƙwace shi, bai yiwu ba. Ranar da za a mayar da shi, sojoji ne suka sa shi tsakiya har bakin jirgin ruwa, dubban mutane tsaye a gefen titi suna ihu, an rataya baƙaƙen ƙyallaye a jikin gine-gine. 'Yan kasuwa da dama da ba su taɓa shiga sahun masu adawa da bauta ba, ranar suka sauya ra'ayi.

Yaushe aka fara zubar da jini?

A Kansas, ɗaya daga cikin sababbin yankunan yamma. Sanata Stephen Douglas ya kawo dokar 1854 wadda ta rushe layin 1820, ta ce mazauna yanki su zaɓa da kansu ko za a yi bauta ko a'a. Sai ɓangarorin biyu suka yi ta kwararowa da makamai, 'yan Missouri na tsallakowa su yi aringizon ƙuri'a. A watan Mayun 1856 masu goyon bayan bauta suka kai wa Lawrence, garin masu adawa da ita, hari, John Brown, wani mai adawa da bauta, da mutanensa suka rama da kashe mutum biyar. A cikin watan ne ɗan majalisa Preston Brooks na kudu ya shiga zauren dattawa ya lakaɗa wa Sanata Charles Sumner duka da sanda har ya faɗi cikin jini, saboda jawabin sukar bauta da Sumner ya yi. Daga kudu aka riƙa aiko wa Brooks kyautar sababbin sanduna. Jam'iyyar Republican ta fito ne daga fushin da dokar 1854 ta jawo a arewa.

Kotu ba ta raba gardama ba?

Ta gwada, ta ƙara wa wuta mai. A shari'ar Dred Scott ta 1857, ta wani bawa da ya nemi 'yancinsa a kotu, babban alƙali Roger Taney ya yanke cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, kuma majalisa ba ta da ikon hana bauta a yankunan da ba su zama jiha ba.

Ke nan 'yan arewa masu ƙaunar baƙar fata ne?

Kaɗan daga cikinsu. A jihar Illinois ta arewa ne gungun mutane suka kashe ɗan jarida Elijah Lovejoy a 1837 saboda rubutunsa kan bauta. Manoma fararen fata da yawa sun ƙi bauta a yamma ne don ba sa son gogayya da mai gandun da ba ya biyan leburori. Abraham Lincoln, ɗan takarar shugaban ƙasa na Republican, ya kira bauta zalunci, amma alkawarinsa na zaɓe shi ne hana ta yaɗuwa, ban da taɓa ta a jihohin da take.

Su bayin fa, zuba ido suka yi?

Ko kusa. Gudun da suke yi ne ya sa kudu ta nemi dokar 1850. Nat Turner ya yi tawaye a Virginia a 1831. Frederick Douglass ya gudu ya zama mai jawabi da jarida, Harriet Tubman ta riƙa komawa Maryland tana fito da 'yan'uwanta. Da yaƙi ya ɓarke, baƙaƙen fata kusan 180,000 sun shiga sojan arewa. Cikinsu har da Nicholas Said, haifaffen Kukawa a Borno, wanda aka taɓa sayarwa ta Sahara, ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863.

To masu cewa 'yancin jihohi ne ya jawo ɓallewa fa?

Harin John Brown a rumbun makamai na Harpers Ferry a 1859 ya riga ya firgita kudu. Da Lincoln ya ci zaɓen 1860 da kusan kashi 40 cikin 100 na ƙuri'u, ba tare da jihar kudu ko ɗaya ba, masu bayi suka ga rinjayensu a gwamnatin tarayya ya ƙare. Karolina ta Kudu ta ɓalle ranar 20 ga Disamba, jihohi shida suka bi ta tun kafin a rantsar da shi.

Sun rubuta dalilansu da hannunsu. Takardar Karolina ta Kudu ta koka cewa jihohin arewa sun ƙi mayar da bayin da suka gudu, wato kukanta a kan jihohin da suka yi amfani da nasu 'yancin ne. Ta Mississippi ta ce matsayinta ɗaure yake da bauta. A watan Maris na 1861, mataimakin shugaban 'yan aware, Alexander Stephens, ya faɗa a Savannah cewa tubalin sabuwar gwamnatinsu shi ne baƙar fata bai kai farar fata ba, kuma bauta ce ta dace da shi. Akwai saɓani kan harajin kayan shigowa, amma ba shi suka sa a gaba ba a takardun nan. Ranar 12 ga Afrilun 1861 dakarun kudu suka buɗe wa sansanin Sumter wuta a Charleston, Lincoln ya nemi sojojin sa-kai 75,000, jihohi huɗu suka ƙara ɓallewa, suka cika 11.