Rawar Ɓarin Fuska: Ƙwaya, Allura Ko Tiyata?

Wata baiwar Allah daga wani ƙauye a ƙasar Ringim ta kai shekara uku rabonta da gidan biki ko suna. Idonta na hagu ne ya fara rawa. Tun ana zolayarta da cewa baƙo za ta yi, har abin ya gangaro kunci da gefen baki. Yanzu in za ta yi magana sai ta ja mayafi ta kāre wajen. Ga abin da ɗanta ya tambaye ni, da amsar da na ba shi.

Malam, iska ce ta buge Inna, ko shanyewar ɓarin jiki ce ke tafe?

Babu ko ɗaya. Cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, ta bakwai ce ke motsa naman fuska. Galibi wata jijiyar jini ce ke kwanciya a kanta tun daga tushe, duk bugun zuciya sai ta dangwale ta, har rufinta ya goge kamar wayar lantarkin da ta ɓare. Daga nan sai ta riƙa aika saƙo ba a aike ta ba, har cikin barci ma. Abin ya fi kama mata, daga shekara 40 zuwa sama. Ba ya kisa, ba a kuma ɗaukarsa.

Amma fa in baki ya karkace farat ɗaya, hannu ya yi nauyi, magana ta harɗe, wannan wani ciwo ne dabam. Asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Daga ina za mu fara?

Ku karɓi takardar turawa daga babban asibitinku zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Zai nemi hoton MRI, wato hoton cikin kai da na'ura ke ɗauka, don a wasu 'yan kaɗan ƙari ne ke danne jijiyar.

Ba wata ƙwaya da za ta sha a huta?

Akwai carbamazepine, wadda ake ba masu farfaɗiya, akwai baclofen da clonazepam. Kaɗan ne ke jin daɗinsu, ga jiri ga barci. Kada ka saya a kemis da kanka, carbamazepine kan fesar wa wasu da ƙuraje masu haɗari.

Allurar da ake cewa fa?

Ita ce Botox, wadda Amurka ta amince da ita tun 1989 don irin wannan rawar ido. Ana yin ta ɗis-ɗis a kewayen ido da kunci, ta sanyaya naman da ke fizga. Cikin 'yan kwanaki sai a ga sauƙi, kuma yawancin mutane suna gani. Wani lokaci fatar ido kan sauko ko baki ya ɗan karkace, amma yana wucewa.

Sai dai ba ta taɓa tushen ciwon. Bayan wata uku zuwa huɗu ƙarfinta ya ƙare, a koma. Nan ne mutumin ƙauye zai zauna ya yi lissafi: zuwa birni sau uku ko huɗu kowace shekara, ɗaya zai faɗo ana tsakiyar noman fari, ɗaya ana yankan gero. Ga kuɗin mota na mutum biyu, ga allurar kanta da ake shigowa da ita daga waje, farashinta na bin dala. Kuma magani ne da ke zama a firiji, ba na mai yawo da jaka a kasuwa ba.

Tiyatar tana raba mutum da shi gaba ɗaya?

Ita kaɗai ke iya hakan. Wani likita Ba'amurke, Peter Jannetta, shi ya yaɗa ta tun daga shekarun 1960. Ana buɗe ƙaramar ƙofa a ƙashin bayan kunne, a ɗaga jijiyar jinin, a sa ɗan matashi na Teflon, wani irin roba mai laushi, tsakaninta da jijiyar fuskar. Kamar mutum takwas zuwa tara cikin goma ke rabuwa da rawar, ko da yake ta wasu sai bayan watanni take lafawa. Amma aiki ne a gindin ƙwaƙwalwa, dab da jijiyar ji. Kunnen wannan ɓangaren na iya toshewa har abada, fuska na iya yin rauni, jefi-jefi ma a rasa rai. Ka tambayi likitan sau nawa ya yi irin wannan aikin. Ba rashin kunya ba ne.

Mu daina tofi da rubutu ke nan?

Addu'a ba ta hana magani. Ƙaho da tsaga ne zan hana ku, domin askar wanzami ba ta isa cikin ƙoƙon kai.

In mahaifiyarka ce, wanne za ka zaɓa?

In ɗan shekara 35 ne da rawar ke rufe masa ido yana kan babur, zan ce ya duba tiyata da gaske, don allurar shekara talatin ba ƙaramin kaya ba ne. Inna kuwa ka ce ta haura sittin, ga hawan jini. Zan fara da hoton, sannan allura sau biyu, mu ga ko za ta sauke mayafin nan ta je sunan jikanta. In ta je, kuma aljihu na ɗauka, ba na gaggawar kai ta ɗakin tiyata.