Shin imani zai iya raba mutum da ƙwaya? Tambayoyi da amsoshi

Duk gidan da Allah ya jarrabta da ɗan shaye-shaye, baki biyu ake ji: masu cewa a kai shi wajen malam, da masu cewa a kai shi asibiti. Gidajen kuwa suna da yawa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da hukumar ƙididdiga ta Najeriya a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 ne suka taɓa kayan maye a shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce.

Ina ruwan imani da cutar da ta kama ƙwaƙwalwa?

Ƙwaya ba jiki kaɗai take ci ba, har yinin mutum take cinyewa. Ya farka da tunanin inda zai samo kuɗi, hantsi ya same shi wajen dila, yamma ta yi masa a majalisar abokan sha. Ranar da ya ajiye kwalbar kodin, sai ga yini shimfiɗe a gabansa babu abin cika shi, ga kunyar dubban da ya ɗauke daga jakar uwarsa tana jiransa. Likita zai iya wanke jini cikin 'yan kwanaki, amma ba zai rubuta wa mutum dalilin tashi da asuba a takardar magani ba. Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ostiriya da ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, ya lissafa shaye-shaye cikin abubuwan da ke tsirowa idan mutum ya rasa abin da yake rayuwa dominsa. Wannan gurbin ne imani ke cikewa.

Su wa suka fara gwada wannan hanyar?

Wadda ta fi shahara ita ce ƙungiyar Alcoholics Anonymous, da mashaya biyu suka kafa a garin Akron na Amurka a 1935: Bill Wilson, dillalin hannun jari, da Bob Smith, likitan tiyata. Abin da suka lura da shi ƙarami ne. Idan mashayi ya zauna da ɗan'uwansa mashayi suka faɗa wa juna gaskiya, ƙishin giyar yana lafawa. A 1939 suka fitar da matakai 12: mutum ya yarda abin ya fi ƙarfinsa, ya miƙa al'amarinsa ga Ikon da ya fi shi, ya yi wa kansa hisabi, ya nemi gafarar waɗanda ya cuta, sannan ya kama hannun wani. Wanda ya san sharuɗɗan tuba ba zai ji baƙon abu ba a nan, musamman batun mayar da haƙƙin mutane. Shi ya sa Musulmin Baltimore suka kafa tasu, Millati Islami, a 1989, suka ɗora matakan a kan Alƙur'ani da hadisi.

Akwai hujjar cewa tana aiki, ko labari ne kawai?

Akwai. A 2020 cibiyar Cochrane, mai tace binciken kiwon lafiya, ta tattara bincike 27 da suka shafi mutum sama da dubu 10, ta ga cewa wajen barin giya ɗungurungum, hanyar matakai 12 ta kai sauran hanyoyin zama da masana halayya, wani lokacin ma ta fi su. Sai dai masu binciken da suka bi diddigin dalili sun ga babban kaso na amfanin daga canjin abokai yake fitowa. A ganina wannan bai rage wa imani komai ba. Wanda ya lizimci jam'i sau biyar a rana, ko Kiristan da ya riƙe taron addu'a, ya samu lokutan da suka raba masa yini, ya samu mutanen da za su tambaya in ba su gan shi a sahu ba.

Me Musulunci ya koyar game da mai shaye-shaye shi kansa?

Abu biyu ne muke yawan mantawa. Na farko, ba a rana ɗaya aka haramta giya ba. An fara da cewa zunubinta ya fi amfaninta, a Baƙara aya ta 219. Sai aka hana kusantar salla cikin maye, a Nisa'i aya ta 43. Daga baya Ma'ida aya ta 90 ta rufe ƙofar. Nana A'isha ta ce da abin da ya fara sauka shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za su taɓa barinta ba. Sai da aka gina zukata tukuna.

Na biyu, Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, da ake wa laƙabi da Himar, wanda aka sha kawowa ana yi masa bulala saboda giya. Wata rana wani ya gaji ya tsine masa. Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Yau yaro ya shigo masallaci idanunsa jajir, na kusa da shi sai ya janye takalmansa ya riƙe a hannu. Ba zai dawo gobe ba.

To addu'a da ruƙiyya sun wadatar?

A'a, kuma a nan ne ake asarar rayuka. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa, ko ƙwayoyin barci irin su rochi da diyazafam, idan ya tsaya farat ɗaya yana iya faɗuwa da jijjiga kamar mai farfaɗiya, ya shiga sambatu, har ya mutu. Mai kodin ko tiramol zai sha gumi, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci, ya ji kamar ƙasusuwansa ake fasawa. Wannan aikin likita ne, kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri da Dawanau ta Kano. A yi addu'ar a gefen gadonsa.

Gidan mari fa?

A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Wata guda bayan haka aka ga irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugaye ba ne, dabara ce ta ƙare musu. Amma sarƙa ƙafa take riƙewa. Ranar da aka kwance ta, yaron ya fito da ƙishin da ya shiga da shi, ga kuma haushin gida.

Idan ya tuba ya kuma koma gidan jiya, munafuki ne?

Cibiyar nazarin shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ce kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani suna komawa, kusan kamar yadda hawan jini ko asma ke tasowa bayan sun kwanta. Ba wanda ke zargin imanin mai asma. Abin tsoro a komawar daban yake: bayan watanni ba sha, jiki ya manta ƙarfin ƙwayar, sai adadin da ya saba haɗiya a da ya tsayar masa da numfashi. Don haka in 'yan gida suka ga alama, jinkirta tsinuwa ya fi. A mayar da shi wurin likitansa a ranar, a kuma sa wani babba da yake jin kunya ya riƙa biyo masa da asuba su tafi masallaci tare.