Ɗaukar hoton fitilun biki da dare a lokacin hunturu

Daga bikin ranar Jamhuriyar Nijar na 18 ga Disamba har zuwa shiga sabuwar shekara, a kan ga igiyoyin ƙananan fitilu a shaguna da bakin tituna da gidajen biki a Damagaram. Ido na ganinsu da kyau, amma a hoto sau da yawa sai a tarar da farin tabo cikin baƙin duhu.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Minti 15 zuwa 25 bayan faɗuwar rana. A Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe 6, kuma duhu ba ya jinkiri a nan. Saboda haka ka zaɓi wurin tsayawarka tun da la'asar, kana idar da magariba ka nufe shi. A wannan ɗan tsakanin sama na da sauran shuɗi, jan bangon ƙasa na gidajen unguwar Birni da zanensa suna fitowa tare da fitilun. Bayan isha'i fitilun kaɗai za ka samu, ginin ya ɓace.

Me ya sa fitilun ke fitowa fari fat, ba launi?

Kyamara ta ga duhu ya yi yawa, sai ta ƙara haske har ta ƙone launin. Ka rage mata hasken da kanka a ma'aunin da ke da alamar +/- zuwa -1, wani lokaci -2. A waya, ka taɓa fitilar a allo, ka ja alamar rana ƙasa har ja ya koma ja. Filashi kuwa a kashe shi.

Wane saiti zan fara da shi?

Ka ɗora kyamara a kan mai ƙafa uku. In babu, katanga da ƙaramin buhun yashi sun isa. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, 100 zuwa 400, ƙofar haske f/8, buɗewa daƙiƙa 2 zuwa 8. Ka sa jinkirin daƙiƙa 2 don kada danna maɓalli ya girgiza hoton. A f/16 kowace fitila za ta yi tsinke-tsinke kamar tauraro, fitilun babura kuma su zama dogayen layuka a titi. Launin haske ka tsayar da shi wajen 3500K, in ba haka ba komai zai rine ruwan lemo. In kyamarar na ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da ya fi gyaruwa a kwamfuta, yi amfani da shi.

Hazo fa?

Nan ne aikin yake. Ƙurar hunturu na watsa haske, sai kowace fitila ta yi rawani, abin da ke nesa ya dushe. Wannan ba ya gyaruwa a kwamfuta yadda ake so. Maganinsa ka matso kusa, mita 5 zuwa 15, ka bar hoton gari daga nesa sai daren da iska ta kwanta.

Akwai kuma ƙurar da ke kan gilashin kyamarar kanta, wadda ita ce ta fi ɓata hoto. Haska shi da tocila daga gefe, za ka gan ta. Ka hure ta da ƴar robar hura iska tukuna, sannan ka shafa da tsumma mai laushi. Kada a goge da bakin riga, domin yashi ne, zai karce gilashin. Sauya gilashi a waje cikin iska ma kuskure ne, ƙurar za ta shige ciki.

Wasu fitilun sun fito a mace, ko da baƙaƙen layuka. Kyamarar ce ta lalace?

Lafiyarta lau. Wutar Nijar na kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, fitilun LED masu araha suna ƙyaftawa tare da ita, ido ne ba ya kamawa. Kada saurin buɗewa ya wuce 1/50 na daƙiƙa. Masu kunnawa da mutuwa bi da bi kuwa, ba su daƙiƙa 2 ko fiye don duk su shiga.

Ina son mutum a gaba, fitilu a baya.

Ka nemi izininsa tukuna. Buɗe ƙofar haske zuwa f/1.8 ko f/2.8, ISO 1600, sauri 1/50. Ya tsaya kamar mita 1 da rabi daga gare ka, fitilun su kasance aƙalla mita 4 a bayansa, sai su zama ƙwallaye masu laushi. Fuskarsa ta kalli hasken wani shago, ko wani ya riƙe tocilar waya daga gefe da farin hankici a kanta.