Kibod Mai Makunni: Jinkirinsa da Yadda 'Yan Gasar Gem Ke Zaɓensa

Kibod mai makunni, wanda masu sayar da kayan kwamfuta suke kira makanikal, shi ne allon madannai da kowane madanni a cikinsa yake zaune a kan nasa makunnin, da nasa sifirin. Ya bambanta da kibod na roba, irin wanda ya cika ofisoshi da shagunan buga takardu da cibiyoyin jarrabawar JAMB, inda shimfiɗar roba guda ce take ɗauke da madannan duka, kuma sai an danna har ƙasa kafin harafi ya fito. 'Yan gasar gem na kwamfuta sun fi karkata ga mai makunni saboda abin da ake kira jinkiri, wato ɗan lokacin da ke tsakanin motsin yatsa da isar saƙon cikin wasan. Ana auna shi da milisakan, kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan.

Asali

Irin wannan kibod ya girmi gem ɗin da ake sayensa dominsa. Kamfanin Cherry, wanda aka kafa a Amurka a 1953 kafin aikinsa ya koma Jamus, shi ya fito da makunnin MX a farkon shekarun 1980, kuma har yau siffarsa ce ake bi: wani ɗan kai mai kama da alamar tarawa wanda hular madanni take zama a kansa. Daga baya kibod na roba ya kori sauran daga kasuwa saboda arha. Masu gem ne suka dawo da martabar mai makunni. Da wa'adin haƙƙin mallakar fasahar MX ya ƙare, sai kamfanonin ƙasar Sin irin su Gateron da Kailh da Outemu suka shiga ƙera irinsa, farashi ya sauko. Yawancin kibod masu rangwame da ke isowa Najeriya, kamar Redragon K552, irin waɗannan makunnai ne a cikinsu.

Da launi ake bambance su. Ja santsi ne da shi, yana sauka ba tare da wata tsayawa ba. A ma'aunin Cherry yana kama saƙo a zurfin milimita 2 cikin tafiyar milimita 4, kuma nauyin kimanin giram 45 ya isa ya danne shi. Ruwan ƙasa yana da ɗan tudu da yatsa ke ji a hanya. Shuɗi kuwa ƙara ne da shi, ƙas-ƙas-ƙas, mai daɗi ga mai buga rubutu, amma abin faɗa ne a ɗakin ɗalibai bayan sha biyun dare. Akwai kuma mai launin azurfa, MX Speed Silver, wanda yake kamawa tun a milimita 1.2. A gasa ja da danginsa aka fi amfani da su, saboda shuɗi yana buƙatar yatsa ya ɗago sosai kafin ya karɓi dannawa ta biyu.

Inda jinkirin yake ɓuya

Mai saye yakan ɗauka lamba guda ce, wadda aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Alhali matakai ne a jere, kowanne da ɗan abin da yake ci.

Na farko tafiyar madannin kansa, daga sama zuwa inda makunni yake kamawa. Wannan ne babban rabo, kuma shi ne kamfanoni ba su cika faɗa ba. A 2017 wani injiniya mai suna Dan Luu ya auna kibod da dama tun daga fara motsin madanni har fitar saƙo, ya samu daga milisakan 15 har zuwa 60, kuma wanda ya zo kan gaba ba na gem ba ne, wani siririn kibod ne na Apple mai gajeriyar tafiya.

Na biyu karkarwar ƙarfe. A cikin makunni na gargajiya ganyen ƙarfe biyu ne suke haɗuwa, kuma idan sun haɗu ba sa natsuwa nan take, sukan yi ta rabuwa suna sake haɗuwa na 'yan milisakan, abin da Cherry ta daɗe tana ƙayyade shi a ƙasa da 5. Da za a bar kwamfuta ta ji wannan, da dannawa ɗaya ta zama uku. To a nan manhajar cikin kibod take nuna hali. Wata takan aika saƙo da zarar ƙarafan sun fara taɓa juna, sannan ta toshe kunne daga karkarwar da ke biyo baya. Wata kuwa sai ta jira komai ya lafa tukuna. Shi ya sa za a ga kibod biyu da makunni iri ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya saurin amsawa, kuma babu inda kwali zai gaya maka dalili.

Na uku yawan tambayar da kwamfuta take yi wa kibod ta kebul ɗin USB, ko akwai sabon labari. Tsofaffin kibod na ofis sau 125 ake tambayarsu a sakan, wato tazarar milisakan 8. Na gem sau 1,000 ne, tazarar milisakan 1. Wajen 2021 aka fara ganin masu 8,000 Hz, wato sau 8,000 a sakan, irin su Razer Huntsman V2, inda tazarar ta koma milisakan 0.125. Tashi daga 125 zuwa 1,000 riba ce ta gaske. Daga 1,000 zuwa 8,000 kuwa abin da aka samu bai kai milisakan guda ba, a wajen ɗan Adam da yakan ɗauki milisakan 200 ko fiye kafin ya mayar da martani ga abin da idonsa ya gani. Talla ce ta fi yawa a wannan lambar.

Marar waya ma iri biyu ne. Mai ɗan ƙaramin filogi na 2.4 GHz, kamar Lightspeed na Logitech, yana kusan kamo mai waya. Bluetooth ya fi jinkiri, kuma jinkirinsa ba ya tsayawa wuri guda, don haka ba a shiga gasa da shi.

Akwai wata matsala da ba jinkiri ba ce amma ta fi shi ciwo: haɗiye dannawa. Mai wasan harbi yakan riƙe W da A, madannan tafiya gaba da hagu, ɗan ƙaramin yatsa a kan Shift, babban yatsa ya bugi dogon madanni don tsalle. Kibod mai arha yakan ƙi jin na uku ko na huɗu, saboda yadda aka haɗa wayoyinsa layi-layi. Wanda aka sa wa kowane makunninsa dayod, wani ɗan abu da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, yana jin duk abin da aka danna lokaci guda, kuma shi ake rubuta wa NKRO.

Makunnin haske da na maganaɗisu

Tunda haɗuwar ƙarfe ce ke kawo karkarwa, sai aka nemi hanyar da babu abin da zai taɓa wani. Makunnin haske yana aiki da ɗan siririn haske da jikin madanni yake tarewa ko buɗewa; Razer ta yaɗa shi da Huntsman a 2018. Amma wanda ya sauya gasa shi ne na maganaɗisu. Yana dogara ne da abin da masanin kimiyya Edwin Hall ya gano a 1879, cewa maganaɗisu yana karkatar da wutar da ke bi ta cikin ƙarfe har a iya auna ƙarfinsa. An sa ƙwayar maganaɗisu a gindin madanni, ma'auni a ƙarƙashinsa, don haka kibod ba "an danna" ko "ba a danna ba" kaɗai ya sani ba, ya san zurfin da yatsa ya kai a kowane lokaci. SteelSeries ta fitar da Apex Pro a 2019 mai barin mutum ya zaɓi zurfin kamawa da kansa. Wani ƙaramin kamfani na ƙasar Holan, Wooting, ya yi suna da kibod ɗinsa 60HE a 2022, wanda ake saitawa daga milimita 0.1 zuwa 4.0.

Babbar fa'idar tana wajen sakin madanni, ba wajen danna shi ba. A makunni na gargajiya sai yatsa ya ɗago ya wuce wani wuri tsayayye kafin a ce an saki. A na maganaɗisu, da tsarin da ake kira Rapid Trigger, da zarar madanni ya fara komawa sama an sake shi, ko da yana can ƙasa. A wasannin harbi na Counter-Strike da Valorant harsashi ba ya tafiya daidai sai mutum ya tsaya cak, don haka mai gudu hagu yakan saki A ya ɗan taɓa D, madannin tafiya dama, ya kashe gudun, sannan ya harba. Gwanaye shekaru suke yi suna koyon wannan. Saurin saki yana rage kuskure a nan fiye da duk wata lambar Hz.

Har abin ya so ya wuce gona da iri. A Yulin 2024 Razer ta fito da Snap Tap, inda kibod da kansa yake soke A da zarar an taɓa D, ko ba a ɗaga yatsa ba. A Agustan wannan shekarar kamfanin Valve ya haramta irin wannan a wasansa na Counter-Strike 2, yana fitar da duk wanda aka gano daga wasa. Rapid Trigger bai shiga haramcin ba. Wanda ya sayi kibod mai tsari irin na Snap Tap sai ya duba an kashe shi kafin ya shiga.

Lissafin ɗan wasan Bauchi

A Bauchi, gidajen gem na Yelwa da Gwallameji, inda ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya suke taruwa, ƙwallo aka fi bugawa a PlayStation, kuma da hannun gem ake yinta, kibod ba shi da aiki. Masu Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty Mobile suna kan wayoyinsu. Kibod na 'yan tsiraru ne masu laftof ko kwamfutar tebur, da masu haɗa shi da PlayStation a wasannin da suka yarda, kamar Fortnite.

Waɗannan 'yan tsirarun ya kamata su fara da lissafin hanya. Wasan intanet yana gudana ne a wata babbar kwamfuta da ake kira saba, kuma na manyan wasannin harbi da 'yan Najeriya ke shiga galibi a Turai suke ko Afirka ta Kudu. Haske a cikin zaren gilashin da ke ɗaukar saƙon intanet yana gudun kimanin kilomita 200,000 a sakan, ma'ana kowane kilomita 100 yana cin milisakan 1 zuwa da dawowa. Kebul ɗin MainOne na ƙarƙashin teku, wanda ya fara aiki a 2010, kilomita 7,000 ne daga Legas zuwa Fotugal. Milisakan 70 ke nan tun ba a lissafa hanyar Bauchi zuwa Legas ba, da ta Fotugal zuwa Jamus, da abin da turken sadarwa yake ci idan da layin waya ake wasa. Shi ya sa ganin fing, wato lokacin zuwan saƙo saba da dawowarsa, sama da milisakan 100 ba abin mamaki ba ne a nan. Sai allo: mai 60 Hz yana sabunta hoto duk bayan milisakan 16.7, mai 144 Hz duk bayan 6.9. Wanda ke wasa a allon laftof mai 60 Hz, da datar waya ta hotsifot, ya kwashe kuɗin makaranta ya sayi kibod mai 8,000 Hz, ya sayi sirdi ne tun babu doki. Haɗa kwamfuta da rauta ta kebul, da samun allo mai sauri, kowanne ya fi wannan amfani nesa ba kusa ba.

Duk da haka kibod yana da gurbinsa. Jinkirin hanya ba a hannun ɗan wasa yake ba, amma ko mutumin da yake sarrafawa a cikin wasan zai tsaya daidai lokacin da ya so, wannan tsakanin yatsansa ne da makunni. Kuma idan gasar cikin ɗaki guda ce, kwamfutoci haɗe da juna ba tare da intanet ba, nisa ya fita daga lissafi, kayan hannu su fara magana.

Girma, ƙura da kasuwa

Cikakken kibod madannai 104 ne. Wanda aka cire wa ɓangaren lambobi 87 ne, ƙaramin da ake kira kashi 60 kuwa 61. 'Yan harbi suna son ƙanana don linzamin kwamfuta ya sami filin yawo a tebur. Amma ɗalibin da zai rubuta furojet da shi zai yi kewar madannan kibiya a ƙaramin, don haka mai 87 ya fi dacewa da mai aiki biyu. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, daga manhajar kwamfuta ake saita su, ba sai an nemi wani kibod na daban ba.

Hunturu shi ne abokin gabar makunnin ƙarfe. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura takan shiga ta gefen madanni ta zauna a kan ganyen ƙarfen, sai a ga an danna harafi ɗaya biyu sun fito, ko W ta yanke ana tsakiyar gudu. Idan makunnan an lika su da dalma, sai an kai wa mai gyara ya kwance allon duka ya narka ƙafa biyu don ya zare guda. Akwai kuwa irin da ake zare makunni da ɗan hantsaki a soka wani cikin minti guda, kuma a garin ƙura wannan siffa ta fi fitilu masu launi daraja. Makunnin maganaɗisu ba shi da ƙarfen da zai yi datti, sai dai tafiyarsa ta yi gansa-gansa. Rufe kibod da tsumma idan an tashi, da share shi da buroshi mai laushi, yana ƙara masa kwana.

Kayan sukan zo ne daga Computer Village ta Ikeja ko daga Kano, sababbi da na hannu, wasu kuma ta oda a intanet. Abin lura shi ne akwai kibod na roba da aka yi wa ado da fitilu da dogayen madannai ana sayar da shi da sunan na gem. Mai shago zai jona shi, launuka su fara gudu, ya ce, "Yallaɓai, ka ga wuta, wannan na 'yan gasa ne." Gwajin ba shi da wuya. A nemi izini a ciro hular madanni guda: idan akwai ɗan kai mai alamar tarawa, ja ko shuɗi ko ruwan ƙasa, zaune cikin nasa akwatin, makunni ne, idan rami ne da ƙullutun roba a ƙasansa, na roba ne. Sannan a buɗe shafin rubutu a riƙe madannai shida lokaci guda a ga ko duk sun fito. Idan na hannu ne, a bi W da A da S da D ɗaya bayan ɗaya, a danna kowanne sau ashirin ana ƙirga haruffan da suka bayyana, domin su ne tsohon mai shi ya fi gajiyarwa.