Waiwaye: waifan kyauta da masu buƙata ta musamman a karkarar Jigawa da Kano

Tun da layukan GSM suka shigo a 2001 ake maganar kai intanet ƙauye. Dokar sadarwa ta 2003 ce ta samar da asusun USPF a ƙarƙashin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, wanda aka ɗora wa alhakin kai sabis inda kamfanoni ba sa ganin riba. Jigawa ma ba a bar ta a baya ba: zamanin Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure, a 2007 kuma gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu alawus na naira 7,000 duk wata. Sai dai harkokin biyu kowacce hanyarta daban.

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, sashe na 9 nata ya ambaci intanet ƙarara. Dokar kare haƙƙin naƙasassu da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara, hankali kuwa duk ya tafi kan hanyar keken guragu. Waifan kyauta na kamfanoni bai ma iso karkara ba. Google Station, shirin waifan kyauta na kamfanin Google da aka buɗe a 2018, an rufe shi a 2020.

Inda ake samun waifan kyauta yau, a sakatariyar ƙaramar hukuma ko makaranta, matsalar tana farawa daga shafin shiga. Makaho yana amfani da TalkBack, wayar tana karanta masa rubutu. Idan maɓallin shiga hoto ne ba a sa masa suna ba, ba zai san me zai taɓa ba. Haka gurɓatattun haruffan tantancewa, ba a jin su. Lambar da ake turowa ta saƙo kan mutu kafin ya gama saurare ya dawo ya rubuta. Wanda kuturta ta cinye wa yatsu kuwa, tun wajen ɗaukar hoton yatsa na NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, ake wahalar da shi, alhali tun Disamban 2020 aka wajabta haɗa layi da NIN.

Sai wurin da aka maƙala na'urar waifan. Sigina ba ta wuce 'yan mitoci idan ta haɗu da katangar bulo da rufin kwano, sai ka tarar ƙarfinta yana kan baranda mai matakala. A ɗaga na'urar waje kan ƙarfe, a fuskantar da ita rumfa mai inuwa da soket, a tsawaita lokacin lamba, a rubuta shafin da Hausa. Kuma a tuntuɓi sarkin makafi da na guragu tun kafin a huda bango.