Lanƙwasar hanya a gandun daji ba kuskuren injiniya ba ne

Tun muna yara a Sakkwato muke jin ana cewa hanya mai kyau ita ce miƙaƙƙiya sambal, wadda aka share itatuwan gefenta. Masu faɗin haka suna da hujja, domin a babban titi sauri ake nema.

Amma hanyar gandun daji ko wurin shaƙatawa daban take. Da gangan ake lanƙwasa ta, ta bi kwanciyar ƙasa, ta kewaye tudu da fadama da tsohuwar kuka. Idan aka fasa tudu don a miƙe hanya, ruwan damina yakan taru wuri guda da ƙarfi, ya ci gefen kwalta har ya zama kwazazzabo. Lanƙwasa kuma tana sa direba rage gudu, dabbobi su tsallaka lafiya. Inuwar itatuwan fa? Wanda ya san ranar watan Afrilu a nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san darajarta.

Kuna iya gwadawa da kanku. Bayan ruwan sama, ku dubi gefen hanya inda gawo da ciyawa suke, sannan ku dubi inda aka share ƙasa ƙal, ku ga inda ruwa ya fi kwashe yashi.

Don Allah ku tura wa 'yan'uwa wannan bayani.