Tarkon Sihiri Mai Fashewa a Wasan Dungeon Crawl Stone Soup: Tambayoyi da Amsoshi

Wane irin wasa ne wannan?

Dungeon Crawl Stone Soup wasan kwamfuta ne na kyauta wanda aka fara a 2006, bisa tushen wasan da Linley Henzell ya fitar a 1997, kuma yana cikin zuriyar wasan Rogue na 1980. Ɗan wasa yana sauka cikin kurkukun ƙarƙashin ƙasa hawa bayan hawa domin ya ɗauko wata ƙwallon sihiri mai suna Orb of Zot, kuma ba ya shiga yankin da take sai ya mallaki aƙalla hatimai 3 daga cikin 15. Taswira tana sauyawa a kowane sabon wasa, dodanni ba sa motsawa sai ɗan wasa ya motsa, kuma idan jarumi ya mutu to ya mutu ke nan, sai dai a sake daga farko.

Mene ne tarkon, kuma yaya yake aiki?

Sunansa Fulminant Prism, sihiri ne na mataki na 4 wanda yake cin maki 4 na ƙarfin sihiri, kuma wanda ya zaɓi jarumi Conjurer, wato mai sihirin kai hari, yana samunsa cikin sihirin da yake farawa da su. Mai sihiri yana dasa wani ƙarau mai walƙiya a gurbin da babu kowa (gurbi shi ne wurin taku ɗaya a taswirar wasan), cikin tazarar gurbi 4 daga inda yake tsaye. Ƙarau ɗin ba ya fashewa nan take. Yana tara ƙarfi na tsawon motsi 2, sannan ya tarwatse ya ci duk abin da ke cikin gurbi 2 ta kowace fuska. Ɓarnarsa ta tsantsar sihiri ce, saboda haka dodon da ba ya jin wuta ko sanyi ko dafi ba shi da kariya ta musamman daga gare ta, sai dai sulkensa ya rage masa raɗaɗi.

To a ina ya kamata a dasa shi?

A nan ne gwaninta take, kuma a nan ne sababbin 'yan wasa suka fi yin asara. Yawancinsu suna dasa ƙarau a gefen dodo, a inda yake tsaye yanzu, alhali dodo mai saurin da aka saba yana cin gurbi ɗaya a kowane motsi, kafin fashewar ta zo ya riga ya wuce. Abin da ya dace shi ne a dasa shi a kan hanyar da dodon zai bi, kamar yadda gwanin dara yake ajiye ɗansa saboda motsin da abokin karawa bai yi ba tukuna.

A ɗauka jarumi yana bakin wani siririn lungu, garken gnoll, dodanni masu kan kura, suna tahowa a jere da sandunansu masu dogon kai, na gaba yana nesa da gurbi 6. Idan aka dasa ƙarau a cikin lungun, gurbi 4 daga jarumi, to ya toshe hanyar gaba ɗaya, domin wasan yana lissafa shi kamar halitta mai tsayuwa a gurbinta. Na gaba zai tsaya yana dukan ƙarau ɗin, na baya su cunkushe a bayansa, fashewar ta same su a dunƙule. A ganina wannan toshe hanya ya kai ɓarnar kanta daraja, domin mai sihiri mai ƙarancin jini ba abin da yake buƙata kamar motsi 2 da babu mai taɓa shi.

Idan dodo ya fasa shi kafin lokaci fa?

Idan an fasa shi kafin ya fara tara ƙarfi, sai ya farfashe a banza, maki 4 sun tafi. Idan kuwa ya riga ya yi rabin cika, zai fashe amma da rauni, a cikin gurbi 1 kawai. Wannan ne ya sa ba a dasa shi daf da ƙato mai kulki irin ogre, wanda duka ɗaya ya ishe shi ya wargaza shi. Gara a bar tazarar da sai ya taka kafin ya iso.

Yana iya cutar da wanda ya dasa shi?

Ƙwarai kuwa, fashewar ba ta san mai ita ba. Dole jarumi ya kasance aƙalla gurbi 3 daga ƙarau ɗin, ko kuma ya kewaya bayan bango, tunda fashewa ba ta ratsa dutse. Don haka kafin a danna maɓalli, ya kamata a san inda za a taka a motsi biyun da ke tafe, a kuma tabbatar babu wani dodo a baya da zai tare hanyar. Akwai kuma ƙara: fashewar tana tada dodannin da ke barci a ɗakunan kusa, shi ya sa ya fi kyau a yi faɗan kusa da matakalar hawa sama, domin a samu hanyar tsira.

Yaushe ne bai dace a yi amfani da shi ba?

Diloli da macizai na hawan farko sun fi jarumi sauri, suna isowa jikinsa kafin ƙarau ya cika, kuma da zarar sun manne masa, duk fashewar da za ta ci su za ta ci shi. Maharba irin centaur da bokayen orc masu bugu daga nesa ba su da dalilin takowa cikin tarkon, sai dai a ɓuya a bayan kusurwa a tilasta musu matsowa. Ga dodo ɗaya mai rauni kuwa, ƙaramin sihirin Magic Dart mai cin maki 1 ya wadatar. Haka nan idan alƙaluman kuskuren sihirin suna da yawa a allon jarumi, to a fara ɗaga ƙwarewar Conjurations, wato fannin sihirin kai hari, ko a cire sulke mai nauyi, domin sihirin da ya ƙi kamawa a bakin lungu yana barin jarumi tsaye gaban garken da ya yi niyyar tarewa.